Aljani a Cikin Labari: Ina Iyakar Marubuci?

Kwanan baya bayan sallar Isha'i wani matashi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Malam, ina rubuta labari a waya, akwai aljanu da boka a ciki. Ya halatta kuwa?" Na ce masa bari in kwana da maganar. Washegari ina zaune a shago a Monday Market, kusan wuni guda ina juya ta.

Da fari dai, ɓoye wani abu a cikin labari ba laifi ba ne. Ku duba Suratul Kahfi: Annabi Musa (AS) ya ga an huda jirgi, an kashe yaro, an gyara bango ba lada, bai san dalili ba, mu ma masu karatu ba mu sani ba sai a ƙarshe. Jiran nan shi ne darasin, wato haƙuri a kan abin da iliminka bai kai ba. Hakanan littattafan da muka tashi da su. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, cike yake da aljanu da abubuwan al'ajabi, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗaure kayansa ya tafi neman ruwan ba. Kakanninmu ma in sun gama tatsuniya sai su rufe da kalmar da ke nuna ƙarya ce aka shirya. Kowa ya san wasa ne, kowa ya kwashi hikimarsa.

To ina matsalar take? Tana wajen da labari ya ba wa halitta abin da yake na Allah ne shi kaɗai. A wasu labaran da ake saurara a waya yanzu, boka na zana ƙasa ya faɗi gobe, goben kuma ta zo daidai, ba ya kuskure ko sau ɗaya. Wannan ba nishaɗi ba ne kawai, talla ce ake yi wa boka. Alhali Suratu Saba'i ta ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaiman (AS): aljanu na ta aikin wahala, ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Wanda bai san abin da ke gabansa ba, yaya zai san gobenka? Kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in.

Kada wani ya ce ai labari ne kawai. A garin nan, tun daga 2009, gidaje nawa ne ke da wanda ya fita bai dawo ba? Na san wata baiwar Allah da ta sayar da ɗan kunnenta ta kai wa mai duba, don ya gaya mata ko ɗanta na raye. Zuciyar da ke cikin irin wannan hali, duk abin da ta ji a labari sai ta riƙe. Marubucin da ya nuna mata boka na gani har hanji, da hannunsa a cikin asarar ɗan kunnen nan.

Ga amsata gare ka, ɗana. Sa aljaninka, sa darenka mai duhu, ɓoye mana wanda ya yi satar sai shafin ƙarshe. Amma bar bokan ya yi ƙarya kamar yadda yake yi a zahiri. In kuma labarinka na wanda ya ɓata ne, ba dole sai ka dawo da shi ba. Nuna mana uwar da ba ta sani ba, tana kuka tana addu'a, ba ta taka ƙofar kowa ba sai ta Ubangijinta. Wannan ya fi kama da rayuwarmu.

Allah ya bayyana mana waɗanda suka ɓata, ya tsare mana imaninmu. Amin.