Itatuwan Yamai da Shingen Zuciyar Muridi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk ɗan'uwan da ya fito daga Banifandu bayan sallar Asuba ya shiga dajin nan da ake kira Ceinture Verte, zai taras da hanyoyin ƙafa sun ratsa tsakanin itatuwan dogon yaro. A shekarar 1965 aka fara dasa su, domin su zama shinge tsakanin Yamai da iska da ƙura. Masu dashen da yawa sun riga mu gidan gaskiya, amma inuwar ba ta yanke ba. Hadisi kuwa ya tabbatar cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi.

Mai tafiya da idon basira zai ga wani abu kuma: kututture a inda itace yake, tulin shara da leda, gini ya ci gefen daji. Ba a rana ɗaya aka yi wannan ɓarna ba. Itace guda aka fara sarewa, aka ce ba kome.

Haka zuciyar muridi take. Lazimin da ya karɓa a ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, shi ne shingenta daga ƙurar gafala. Ranar da ya jinkirta shi saboda kasuwa ko waya, bai rama ba, ya sare itacen farko. Daga nan wazifa ta yi masa nauyi, zikirin Juma'a ya zama sai an tuna masa.

Saboda haka ladabin shiga wannan daji shi ne muridi ya fara sauke laziminsa a zaune, da alwala, yana fuskantar alƙibla. Sannan ya taka da natsuwa, harshensa na salati, idonsa a runtse daga haram, yana tuna cewa kowane ganye tasbihi yake yi. Kada ya karya reshe, kada ya yar da leda. In ya ga ƙaya a hanya ya kawar, wannan ma sadaka ce.

Allah Ya raya zukatan 'yan'uwa da ambatonSa, Ya tabbatar da su a kan alƙawarin da suka ɗauka, albarkar Annabi (SAW). Amin.