Aikin Gida: Horo Ne Ko Bauta?

Magidanta sun daɗe suna gardama a kan sa yara aikin gida. Waɗansu sun ce yaro ba shi da aiki sai karatu da wasa. Waɗansu kuwa sun ce wanda bai iya shara yana ƙarami ba, ba zai iya riƙon gida yana babba ba. Na auna maganar nan, na ga kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Mu duba yadda kakanninmu suka tsara abin. Yaro yakan fara da aike, sa'an nan yankan ciyawa da kiwon awaki. Yarinya takan fara da shara da wanke-wanke, sa'an nan bakace da tankaɗe, kafin a miƙa mata taɓarya. In saurayi ya isa noma, sai ya yi aikin gandun ubansa, a kuma yanka masa gayauna, abin da ya girbe a cikinta nasa ne. Watau an nuna masa wahala, an kuma ɗanɗana masa amfaninta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma fa wanda ya matsa wa ɗanyen icce, karya shi zai yi. Saboda haka ga ma'auni uku da ke raba horo da bauta.

Na farko, ƙarfi. Tulun da ya dace da kan budurwa bai dace da kan 'yar shekara shida ba.

Na biyu, lokaci. A 2004 dokar Nijeriya ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Yarinyar da ɗiban ruwa ya hana ta isa aji, ko talla ta hana ta zuwa makarantar allo, an sayar da gobenta ne don a sayi hutun yau.

Na uku, adalci, shi ne kuwa ya fi wuya. Sau da yawa akan tarar da 'yar riƙo tana daka tun asuba, 'ya'yan gida suna barci. In da aikin nan horo ne, me ya sa aka hana 'ya'yan ciki wannan alheri? Mai irin wannan gida cuta biyu ya yi: ya zalunci amanar da aka ba shi, ya kuma sangarta nasa. Haka nan ɗa namiji da aka hana shi koyon hura wuta, ran da ya yi baƙunci sai ya kwana da yunwa ga hatsi a gabansa.

To, kai mai gida, kafin ka aiki yaro ka tambayi zuciyarka: don ya iya kake sa shi, ko don kai ka huta? Amsar da ta ba ka ita ce hukuncinka. Allah ya shirya mana zuriya, amin.