Addu'ar Mai Iko A Filin Ƙwallo: Ina Iyakarta?

 Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci a ƙasar Amurka, wadda a zahiri maganar wasa ce, amma wanda ya lura zai ga tana taɓa wata mas'ala da malaman Musulunci suka yi ta tattaunawa tun zamani mai nisa, watau hukuncin mai iko idan ya bayyana ibadarsa a gaban waɗanda suke ƙarƙashinsa.

Wasan da ake magana a kansa shi ne ƙwallon zari-ruga irin na Amurkawa, wanda jami'o'insu suka ɗauka da girman da zai ba baƙo mamaki. Filin wasa na Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. A jihohi da yawa, ma'aikacin gwamnati mafi yawan albashi shi ne kocin ƙungiyar jami'a, ya fi gwamna, ya fi shugaban jami'ar kansa. Alal misali, a 2022 Jami'ar Clemson ta jihar Karolina ta Kudu ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kocinta Dabo Swinney a kan dala miliyan 115. Su kuwa 'yan wasan samari ne masu shekara 18 zuwa 23, da yawansu 'ya'yan talakawa, waɗanda ƙwallon nan ne ya buɗe musu ƙofar karatu kyauta. Koci ne yake zaɓen wanda zai shiga fili da wanda zai zauna a benci, kuma cikin 'yan wasan jami'o'i waɗanda suke samun shiga babbar gasar ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ke nan abincin yaro da makomarsa suna rataye da ganin damar mutum guda.

Shi wannan Swinney Kirista ne mai riƙo da addininsa, ba ya kuwa ɓoyewa. A 2012 an yi wa wani ɗan wasansa, DeAndre Hopkins, baftisma a filin atisaye, sauran 'yan ƙungiya suna tsaye suna kallo. A 2014 wata ƙungiya mai fafutukar raba addini da gwamnati, mai suna Freedom From Religion Foundation, ta rubuta wa jami'ar takardar kuka, tana cewa kocin ya cakuɗa aikin hukuma da wa'azi. Jami'ar ta amsa da cewa ba a tilasta wa kowa ba, shi ma kocin ya ce ya horar da yara masu addinai dabam-dabam. Irin wannan kuka ƙungiyar ta sake yi a 2023 a kan Deion Sanders na Jami'ar Kolorado saboda addu'o'in da ake buɗe tarukan ƙungiyarsa da su.

Tushen rikicin a shari'arsu yana cikin gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791, wanda ya hana gwamnati kafa addini, ya kuma hana ta tauye wa kowa 'yancin yin addininsa. Kocin jami'ar gwamnati ya faɗa tsakanin biyun, domin kuwa shi mutum ne mai 'yanci, kuma shi ma'aikacin hukuma ne. A 1962 Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati, a 2000 kuma ta hana addu'a ta lasifika kafin wasan ƙwallo a wata makarantar jihar Texas. Sai a watan Yuni na 2022 ta karkata ɗaya gefen, inda alƙalai 6 suka rinjayi 3 wajen ba da gaskiya ga Joseph Kennedy, mataimakin koci a makarantar sakandare ta garin Bremerton, wanda aka dakatar a 2015 saboda durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan an tashi wasa. Wannan hukuncin kotu ne. Abin da ya halatta a kotu kuwa bai zama dole ya dace a ma'aunin ɗabi'a ba, kuma nan ne tambayar take.

Masu cewa koci ya ajiye imaninsa a gida ɗungurungum sun nemi abin da ba ya yiwuwa. Imani ba babbar riga ba ce da mutum zai tuɓe ya rataye a bakin ƙofar ofis. Wanda ya gaskata cewa Ubangijinsa ne ya ba shi lafiya da nasara, in aka tambaye shi a gaban 'yan jarida ya ce ya gode wa Allah, gaskiyar abin da yake zuciyarsa ya faɗa, hana shi kuwa tilasta masa ne ya nuna wa duniya fuskar da ba tasa ba. Musulmi ya fi kowa sanin ɗacin irin wannan hani. A watan Satumba na 2014 wani ɗan wasa Musulmi, Husain Abdullah, na ƙungiyar Kansas City, ya yi sujada bayan ya ci maki, sai alƙalan wasa suka ci tarar ƙungiyarsa yadi 15, alhali kuwa 'yan wasa Kirista sun saba durƙusawa ba a ce musu kanzil ba. Washegari hukumar gasar ta fito ta ce bai kamata a ci tarar ba. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa wannan bawan Allah ba shi da bakin da zai nemi a rufe bakin Kirista don ya ambaci Ubangiji. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 271 ta Suratul Baƙara, ya yabi bayyana sadaka, ya kuma nuna ɓoye ta ya fi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi bayanin cewa bayyana aikin alheri yana da falala ga wanda ake koyi da shi, muddin ya tsira daga riya. Saboda haka asalin bayyanawar ba laifi ba ne.

Amma fa koci da ɗan wasa ba matsayinsu ɗaya ba. Sujadar Husain Abdullah ba ta tsorata kowa ba, domin ba shi da ikon hana kowa komai. Idan kuwa mutumin da yake riƙe da takardar sunayen masu shiga fili ranar Asabar ya durƙusa ya ce wanda ya ga dama ya zo, to kalmar nan ta ganin dama tana bukatar a auna ta da kyau. Yaro zai duba ya ga mutum 80 sun durƙusa, shi kaɗai ne a tsaye, kuma idon maigida yana buɗe. Ba a zare masa bulala ba, ba a yi masa barazana ba, amma ya san lissafin da yake yi a ransa. A shari'ar Bremerton an kawo maganar wani uba da ya ce ɗansa, wanda bai yi imani da addini ba, ya shiga addu'ar ne don tsoron kada a rage masa lokacin wasa. Har alƙali Brett Kavanaugh, wanda daga baya ya goyi bayan kocin, ya ta da wannan damuwa sa'ad da ake sauraron ƙarar.

Malaman Musulunci sun riga sun gane cewa tilas ba sai da sanda ba. Gazali ya yi magana a kan mutumin da zai roƙi wani abu a gaban jama'a, wanda aka roƙa ya bayar don jin kunya ba don daɗin rai ba, ya ce abin da aka karɓa ta wannan hanya bai halatta ba, domin matsa wa zuciya da kunya daidai yake da matsa wa jiki da duka. Bahaushe yana da sunaye ga wannan hali, yakan ce an yi kara, ko an ji nauyi. In dukiyar da aka karɓa da kunya ba ta halatta ba, ina ga durƙuso da amin da aka karɓa da ita? Bugu da ƙari, aya ta 256 ta Suratul Baƙara, wadda ta haramta tilasta wa mutum shiga addini, Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne a kan wasu 'ya'yan mutanen Madina da suka tashi a cikin Yahudawan Banu Nadir, da aka fitar da ƙabilar daga gari iyayensu suka so su riƙe su da ƙarfi, sai aka hana su. Uba mahaifi ke nan aka hana. Wanda aka ba shi amanar 'ya'yan mutane don ya koya musu guje-guje ya fi cancanta da ya kama kansa.

Ba a rasa misalin inda abin ya kai ga ɓacin rai ba. A 2006 wasu 'yan wasa Musulmi da aka sallama daga ƙungiyar Jami'ar New Mexico State suka kai ƙara, suna zargin cewa kocinsu yakan sa a karanta addu'ar Kirista bayan atisaye da kafin wasa, kuma da suka ware suna tasu addu'ar sai aka fara kallonsu da wani ido. Kocin ya musanta, aka kuwa sasanta a wajen kotu a 2007. Ko gaskiya tana hannun wa, abin lura shi ne da zarar addu'a ta zama aikin ƙungiya, duk yaron da aka ajiye a benci yana da dalilin da zai yi zargi, koci kuma ba shi da hanyar da zai wanke kansa sarai.

Akwai wata ɓarna da masu goyon bayan irin wannan addu'a ba su cika dubawa ba, ita ce ɓarnar da take yi wa addinin kansa. Yaron da ya durƙusa don kada ya rasa gurbinsa abin da ya koya shi ne durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, watau ya koyi nuna ibada a gaban mai ba da abinci. Wannan kuwa makarantar munafunci ce, ko da mai ita yana da kyakkyawar niyya. Shi kansa kocin yana cikin hatsari, domin a kudancin Amurka sunan tsoron Allah yana da riba, iyaye sukan fi sakin jiki su miƙa ɗansu ga kocin da suka ji yana ambaton Littafi Mai Tsarki, kuma gasar neman ƙwararrun yara gasa ce ta miliyoyin daloli. Zuciya tana hannun Allah, ba wanda zai ce wane mai riya ne. Sai dai ibadar da take jawo riba a gaban na'urar ɗaukar hoto tana bukatar mai ita ya tuhumi kansa fiye da wadda ake yi a ƙuryar ɗaki. Su ma Kiristoci suna da wannan gargaɗi a cikin sura ta 6 ta littafin Matta, inda aka hori mai addu'a da ya guji yin ta don mutane su gani.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, don haka wajibi ne Musulmi ya juya madubin. Da a ce koci Musulmi ne a jami'ar gwamnati, ya tara yaran Kirista da na Yahudawa ya ce a ɗaga hannu zai yi fatiha, hukuncin ɗaya ne, kuma wanda ya ƙi na farko ya yarda da na biyu son kai ya bi. A garin Dearborn na jihar Mishigan, inda Larabawa Musulmi suke da yawa, makarantar sakandare ta Fordson ta mai da atisayenta cikin dare a azumin 2010, daga ƙarfe 11 zuwa 4 na asuba, don yara masu azumi su sami damar ci da sha a lokacin zafi. Wannan sauƙaƙa wa yara ibadar da suka zaɓa da kansu ne, ya kuwa bambanta da jan su zuwa ibadar koci. Duk da haka tsirarun da ba Musulmi ba sun sauya barcinsu saboda addinin da ba nasu ba, kuma adalci ya hukunta a tambayi yardarsu da ta iyayensu, a kuma tabbata wanda ya ce bai iya ba ba zai rasa matsayinsa ba.

Iyakar da ta fi kusa da daidai ita ce koci ya yi ibadarsa a matsayinsa na bawa, ya bar kiran jama'a zuwa gare ta a matsayinsa na shugaba. Ya gode wa Ubangijinsa a bainar jama'a, ya yi addu'arsa, ya amsa wa yaron da ya zo da ƙafarsa yana tambaya. Amma sa addu'a cikin jadawalin atisaye, ko ɗibar ƙungiya a mota zuwa majami'a ko masallaci, ko lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, duk amfani ne da kujerar da aka ba shi don wani aiki dabam. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, albashin nan kuwa daga aljihun jama'a masu addinai iri-iri ya fito. Jami'o'in da addini ya kafa, irin su Notre Dame ta 'yan Katolika, hukuncinsu dabam ne, domin yaro ya san gidan da zai shiga tun kafin ya sa hannu.

Har ila yau wannan iyaka ba ta warware komai da komai ba, domin mai iko ko shiru ya yi ana kallonsa. Kennedy ya fara addu'arsa shi kaɗai ne a 2008, yara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya har ta zama taro, ya kuma soma yi musu jawabi mai ambaton addini. Bayan ya ci nasara a kotu ya koma bakin aiki a 2023, aka yi wasa guda a farkon watan Satumba, ya durƙusa a tsakiyar fili na ɗan lokaci ba ɗan wasa ko ɗaya tare da shi, bayan 'yan kwanaki kuma ya ajiye aikin.