Makirufo Mai Kurman Ƙeya

Tun da fassarar fina-finan Indiya ta samu kasuwa a Kano, inda kamfanin Algaita ya yi suna, karatun littattafan Hausa kuma ya bazu a YouTube, ba abin mamaki ba ne a ga saurayi a Yelwa ko Wara yana tara kuɗin makirufo don ya ɗora murya daga ɗakinsa. Tambayar sabon shiga ba ta wuce ɗaya: wanne ya fi ji?

Wanda ya fi ji shi ne kondensa. Tantaninsa mai karɓar sauti bai kai ɓawon albasa kauri ba, kuma yawanci sai an ba shi wuta mai ƙarfin bolt 48. Yana kama numfashi da motsin leɓe. To amma a garuruwan nan na bakin tafkin Kainji, inda ƙara take tafiya nesa a kan ruwa da sanyin asuba, zai haɗo da injin kwalekwale, da janaretan maƙwabta, da amsa-kuwwar bangon siminti. Dainamik kuwa, mai naɗin siririyar waya a cikin maganaɗisu, sai an matso shi kamar taƙi guda. A ɗaki mai rufin kwano shi ya fi rufa wa mai koyo asiri, balle in an rataya bargo a bayan mai magana.

Abin lura yana ƙeyar makirufo. Yawancin makirufon murya gaba suke ji, su ɗan taɓa gefe, abin da ya fito ta baya kuwa da kyar yake shiga. Mutum zai zaci toshe bayan aka yi. Ashe buɗe shi aka yi! Maƙerin ya bar ƙananan kafofi a bayan tantanin, ta yadda ƙarar da ta taso daga baya za ta iso fuskokinsa biyu a lokaci guda. Wannan ta tura, waccan ta tura, tantanin ya tsaya cik.

Ikon Allah, haka zancen bayan ido yake. Wanda aka kawo wa tsegumi, in ta kafa ɗaya ya shige shi, nan take zuciya za ta motsa, ya hau dokin zuciya. Dattijon da ya saba sulhu tsakanin masunta ba kurma ba ne, ya ma fi kowa ji. Sai dai ba ya barin magana ta zauna masa sai ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren, kuma sau da yawa in biyun suka haɗu ba abin da yake saura.

A wajen biki akan ga mawaƙi ko sanƙira ya dunƙule kan makirufo da tafin hannu, wai don murya ta ƙara kauri. Kafofin nan na bayan tantani ya toshe. Daga nan makirufon yake fara kwasar ƙara ta kowace kusurwa, har da tasa da take dawowa daga lasifika, sai ya ɓarke da ihun da yake sa jama'a toshe kunne.