Tukuici Ko La'ada?

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ta isa mu tsaya mu auna ta. Idan mutum ya bar kuɗi a banki, ko albashin da bai karɓa ba, ko kuɗin inshora, har shekara 1 zuwa 5 ba a ji ɗuriyarsa ba, doka ta ce a miƙa kuɗin ga gwamnatin jiha. Jiha takan ajiye su, ta buga sunayen masu su, kowa kuwa yana iya dubawa ya karɓi nasa kyauta. Amma mutane suna ƙaura, suna mutuwa, magada ba su da labari. Saboda haka waɗansu suka mai da cigiyar masu kuɗin nan abin neman abincinsu. Sukan nemo mutum, su ce za su karɓo masa, ya ba su kashi.

Hukuma ba ta sakar musu linzami ba. A jihar Kalifoniya da ta Teksas ladansu ba ya wuce kashi 10 cikin 100. Jihohi da yawa kuma ba su yarda da yarjejeniyar da aka ƙulla kafin kuɗin su cika wata 24 a hannun jiha ba, domin mai abu ya sami zarafin nema da kansa.

To, ’yan’uwa, wanda ya kiyaye dokokin nan duka, ya fita ke nan? Daidai ne mutum ya ci lada a kan komar wa wani da abinsa? Kubawar Shari'a sura 22 ta umarta a komar da ɓataccen sa ko tufa ga mai shi, ba ta kuwa ambaci lada ba. Mu ma a gida, wanda ya yi tsintuwa ba ya yanka farashi. Tukuici ake ba shi, gwargwadon jin daɗin mai kaya.

Duk da haka ba mu ga dalilin kushe sana'ar ɗungum ba. Mai tsintuwa a hanya bai sha wahala ba. Amma a ce tsohuwa ce mijinta ya rasu, ta koma wata jiha, ba ta taɓa jin labarin ajiyar ba. Wani ya yi watanni yana bin takardun aure da na mutuwa har ya same ta, wani lokaci ma ya yi wahalar a banza. Wannan aiki ne, ladansa kuwa halal ne, kamar la'adar dillali.

Inda zuciyarmu ba ta kwanta ba shi ne wurin wanda ya kwafi suna daga jerin da ke a fili, ya aika da takarda cewa akwai kuɗinka a wani wuri, ba zan faɗa ba sai ka sa hannu. Wannan ba wahalarsa yake sayarwa ba, rashin sanin maƙwabcinsa yake ci. Ko kashi ɗaya tak ya karɓa, da duhun kan wani ya same shi.

A ganinmu, mai wannan sana'a ya rubuta tun a takardar farko cewa kuɗin suna hannun jiha kaza, mai su kuma yana iya karɓa da kansa ba tare da biyan kome ba. Lalle waɗansu za su gode masa, su tafi su karɓa, shi kuwa ya tashi a tutar babu. Waɗanda tsufa ko nisa ko yawan takardu suka fi ƙarfinsu za su ce ya ci gaba, da saninsu.