Ƙuli-ƙulin Goggo da Kundin Digirina

Ranar da na fara ganin shuɗin hasken nan a kan farantin gwaji, farin ciki na yi, kuma har yau ina jin kunyar wannan farin cikin. Dare ne, janareton ɗakin gwaje-gwaje yana ta ruri, ni kaɗai na rage. Na sa farantin ƙarƙashin fitilar da ke tona abin da ido ba ya gani, sai ga ɗigo-ɗigo suna ƙyalli. Ma'anarsa ita ce akwai gubar afulatokzin a cikin samfurin, wato aikina na digirin digirgir a fannin kimiyyar sinadaran jikin halitta ya samu abin faɗa. Sai da na juya robar na duba lambar da na rubuta mata, sannan na tuna daga gidan wa na karɓo ta. Ƙuli-ƙulin Goggona ne, ƙanwar mahaifina, wadda ke sana'arta a Ɗanzomo tun kafin a haife ni.

Wanda bai yi irin wannan karatu a ƙasarmu ba, da wuya ya gane dalilin murnata. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas. Kayan gwajin daga waje ake sayo su da dala, daga aljihun ɗalibi, kuma bayan faɗuwar naira a 2023 kuɗinsu ya zama abin da sai mun yi karo-karo mu uku kafin mu sayi kwali guda. Sau ɗaya wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, firiza ta narke, samfuran da na tattaro daga Gumel da Gagarawa da kasuwar Alhamis ta Maigatari suka lalace, na koma na sake. Ɗalibin da ya sha wannan wahala ba ya fatan samun abinci mai tsabta a ƙarƙashin fitilarsa, domin mujallu sun fi son labarin guba. Haka karatun ya karkatar da zuciyata ban sani ba.

Gubar kanta ba baƙuwa ba ce. An gano ta bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa da aka shigo da shi daga Burazil. Wata funfuna ce ke yin ta, kuma ta fi kama gyaɗar da fari ya matsa wa a ƙarshen damina, ko wadda aka adana da sauran danshi. Duk wanda ya san rairayin ƙasar Gumel da yadda ruwa kan ɗauke mana da wuri ya san cewa mu ake nufi. Suya ba ta kashe ta. In ta shiga jiki, hanta kan yi ƙoƙarin sarrafa ta, sai ta mayar da ita wani sinadari da ke manne wa ƙwayar gado yana ɓata ta, a hankali, shekara da shekaru, har ya kai ga ciwon daji. Haɗarin yakan ninka ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A Kenya, a 2004, masarar da ta yi funfuna ta kashe mutum 125 cikin ɗan lokaci.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce, wannan sakamako na waye? Ƙa'idar bincike ta amsa tun tuni. Matan sun dangwala yatsa a takardar amincewa, na ɓoye sunayensu cikin lambobi, abin da ya rage shi ne in rubuta, in kare, a buga. Malamin da ke duba aikina, mutumin kirki ne, ya gargaɗe ni da kada in tayar da hankalin gari da gwajin da ba a maimaita ba. Gargaɗinsa yana da tushe. Kalmar "guba" in ta fita a ƙauye ba ta dawowa, kuma macen da aka ce ƙuli-ƙulinta na kisa ta rasa abincin 'ya'yanta a mako guda, alhali cutar da nake tsoro ba lalle ta zo ba, in ma ta zo sai bayan shekaru. Yunwar gobe da safe tabbas ce.

Amma na kasa yarda cewa ɓoye suna ya sauke mini nauyi. Lambar tana kare Goggo daga idon baƙo, ni kuwa na san gidan, na san jikokin da ke gutsurar ƙuli-ƙulin a hanyar makarantar allo. Abin da na karɓo a hannunta ba sayensa na yi ba, don ta ƙi karɓar kuɗina. Amana ta ba ni, tana ganin ɗanta ya je neman ilimi. Idan ilimin ya tafi mujallar Turanci da ba za ta taɓa gani ba, ya dawo mini da laƙabin dakta, ita kuma ta ci gaba da suya cikin rashin sani, ban ga bambancina da mai awo da mudu biyu ba.

Na maimaita gwajin sau biyu, sannan na hau mota. Na same ta tana matsar tunkuza a tsakar gida. Ban ce guba ba. Na ɗebo gyaɗa a faifai na tsince masu ƙwanƙwamewa da masu baƙi da waɗanda ƙwaro ya huda, na ce mata yawancin illar a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyin take, in an fitar da su, aka shanya sauran a kan tabarma maimakon ƙasa, an rage ta sosai.

Ta daɗe tana kallon faifan. Ta ce, "Ɗan nan, ai saboda irin waɗannan nake samun buhun da araha. Mai kyau ta 'yan kasuwa ce, su kai birni."

Na ce, "Goggo, ko awaki kada a ba, tana bi ta nono."

Ta ce, "To wanda na tsince, wa zai biya ni?"

Babu babi a kundina da ya tanadi amsar wannan. Tun daga ranar, duk zuwan da na yi gida nakan tarar ta tara mini tsintacciyar gyaɗar a tsohon kwano, in biya ta a farashin mai kyau daga kuɗin da ya kamata in sayi kayan gwaji, in kai bayan gari in binne. Gida ɗaya ke nan. Sauran lambobin suna nan a littafina, kowace da ƙofar gidan da na san launinta, kuma an sa mini ranar kare kundi bayan Babbar Sallah.