Ƙaramin Jirgi Kafin Babba

Tambayar da nake so mu duba yau ita ce: idan uwa ta hana 'yarta yin kuskure, tausayi ta yi mata ko cutarwa? Ku biyo ni mu leƙa wajen masu koyon tuƙin jirgin ruwa, don akwai darasi a can.

Mu nan Zuru ƙasar duwatsu ce, ba mu da teku, amma ruwa bai yi mana nisa ba. Ga Yauri nan a bakin Kogin Neja, ga kuma tafkin Kainji. Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da ɗari, har da mata da yara. Allah ya jiƙansu. Shi ruwa ba ya jin "yi haƙuri".

Shi ya sa ake da makarantu na musamman don koyar da aikin jirgin ruwa. A Najeriya akwai ta garin Oron a jihar Akwa Ibom, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970. A Amurka akwai ta sojan ruwa da ke Anapolis tun 1845, inda sababbin ɗalibai kan fara da ƙananan jiragen da iska ke turawa, alhali gobe su ne za su riƙe manyan jiragen yaƙi.

Me ya sa ake fara su da ƙarami? Saboda ƙaramin jirgi ba ya ɓoye laifi. Ɗalibi ya jingina gefe guda, nan take jirgi zai karkata. Ya ja filafilin dama fiye da na hagu, sai ya ga yana ta zagaye wuri ɗaya. In ma ya kife, malami na kusa, rigar kariya na jikinsa, iyakaci ya jiƙe a yi dariya ya sake hawa. Babban jirgi kuwa ba ya juyawa da sauri, ba ya tsayawa da sauri, kafin matuƙi ya gane kuskurensa aikin gama ya gama.

To 'yar uwa, gidan uwa shi ne ƙaramin jirgin 'ya mace. Amma dubi abin da da yawanmu ke yi. Yarinya ta ɗauki muciya, sai mu fizge, "Ba ni nan, za ki yi min gudaji!" Ta ce a aike ta cefane, sai mu ce za a cuce ta. Ta yi saɓani da ƙawarta, sai mu ja mayafi mu je mu rama mata. Ranar da aka kai ta ɗakin miji kuma sai mu ce ta riƙe gida, ta riƙe kuɗin cefane, ta iya zama da uwar miji da dangi. An ɗora ta a babban jirgi ba ta taɓa riƙe filafili ba. In aure ya yi tangal-tangal sai a ce yaran zamani ba su da haƙuri. Haba jama'a! Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wata za ta ce, da tsadar nan ta hatsi, wa zai bar yarinya ta ɓata tuwo? Gaskiya ne, almubazzaranci ba kyau. To ai ba tukunyar biki za ki ba ta ba. Ba ta ƙaramar tukunya da gari kaɗan, ki tsaya kusa, in ya yi gudaji ku ci a hakan, gobe ta gyara. Kada ki yi mata gori a gaban mutane, don wadda aka kunyata ba ta sake gwadawa. Kakanninmu na ƙasar Zuru sun san wannan. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi kan yi shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, a ga ƙwazonsa da juriyarsa tun gida bai hau kansa ba.

Sai dai ƙaramin jirgi ba ya koyar da komai. A ƙa'idar duniya, ɗalibin da ke son zama jami'in tuƙi sai ya yi aƙalla wata 12 a teku, a ƙarƙashin manya, kafin a ba shi shaida. Ba wanda ke miƙa masa jirgi ranar da ya shiga. To in haka ne, ina kira ga iyayen miji da su kansu mazan: amarya a shekararta ta farko ɗaliba ce. A nuna mata, a yi mata uzuri, kada a auna ta da uwargidan da ta shekara ashirin a ɗaki.

A nawa ganin, uwar da ta bar 'yarta ta yi tuntuɓe a gabanta, inda hannunta zai kai ya tare ta, ita ce ta yi mata gata. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin.